Bindiga a ƙugu, kwalba a tebur: Allon da ya kamata a kafa a ƙofofin mashaya da gidajen abincin Yagwa

Wata ranar da daddare, bayan sallar isha'i, na shiga wani gidan abinci da ke kusa da tasha a nan Yagwa. Wuri ne da direbobi da fasinjoji da ma'aikata suka saba da shi, saboda shinkafa da soyayyen kifin Logon da matar ke yi. Ina cikin cin abinci sai ga wani mutum ya shigo da abokansa biyu, cikin farin kaya, ba kaki a jikinsa. Daga tafiyarsa da yadda yake ɗaga murya, kowa ya gane daga mashayar da ke maƙwabtaka ya fito. Da ya zo zama sai wani abu ya tokare shi a ƙugu, ya sa hannu ya zaro, ya ajiye a kan tebur kusa da kwanon wanke hannu. Ƙaramar bindiga ce, bakinta na kallon teburin da wata mata da 'ya'yanta biyu suke zaune.

Nan take wurin ya yi tsit. Yarinyar da ke kawo abinci ta zo da faranti hannunta na rawa. Da abincin ya ɗan yi jinkiri ya fara faɗa, yana buga tebur, bindigar na motsi. Mai abincin ta fito da kanta tana cewa, "Yi haƙuri Yallaɓai, ga shi nan tafe." Ɗaya bayan ɗaya mutane suka riƙa biyan kuɗi suna zamewa, wasu ko rabin abincinsu ba su ci ba. Ba a harbi kowa ba, alhamdu lillahi. Ni dai ban tashi ba sai da suka tafi, ba don jarumtaka ba, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata.

Da zan fita na ce wa mai abincin, "Inna, ai da kin ce masa ya mayar da ita ko ya fita."

Ta dube ni ta ce, "Ɗana, in ce masa me? Ni wace ce? Na san ko soja ne, ko jandarma ne, ko ɗan fashi ne? In ya ce in nuna masa inda aka hana, me zan nuna masa?"

Wannan tambayar tata ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Me za ta nuna masa? Na zaga mashaya da gidajen abinci da otal-otal na garin nan, na ga allunan kamfanonin lemo da na giya, na ga "ba bashi yau sai gobe" da Faransanci, na ga takardun haraji an liƙa a bango. Ban taɓa ganin allo ɗaya da ke gaya wa mai bindiga cewa nan ba wurin shigarsa da ita ba ne. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da hukumomin gundumar Mayo-Danay za su fitar da doka bayyananniya a kan haka, su kuma ba ta fuska a ƙofa, wato allo iri ɗaya da kowa zai gane.

Mu fara da abin da dokar ƙasa ta ce, don kada wani ya ɗauka Kamaru ba ta da doka a kan makamai. Tana da ita, kuma mai tsauri ce. Doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamban 2016 ta kasa makamai gida takwas. Kashi na farko zuwa na uku kayan yaƙi ne, farar hula ba shi da hurumi a kansu. Kashi na huɗu su ne bindigogin kare kai, inda ƙaramar bindiga ta faɗo, na biyar kuma na farauta. Kafin farar hula ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan biyun, sai ya sami izini daga ministan harkokin cikin gida. Ba abu ba ne da ake saye kamar wayar hannu a kasuwa.

Sai kuma kundin dokokin hukunta laifuka. Sashe na 237 ya yi magana a kan mallakar bindiga ba da izini ba, ya kuma ninka hukuncin in mutum ya fita da ita daga gidansa. Sashe na 238 shi ne ya fi kusa da abin da na gani a daren nan. Ya ce ko mutum yana da izinin ɗaukar makami, in ya shiga da shi wurin da jama'a ke taruwa ta yadda zai iya ta da hankali ko ya tsorata wani, ya yi laifi. Hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, ko tarar sefa 50,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. Ke nan mutumin da ya ajiye bindiga a kan tebur ya watsa gidan abinci, doka tana da abin da za ta ce masa.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce wannan sashe magani ne na bayan an kamu da ciwo. Sai mutum ya shigo, ya tsorata jama'a, wani ya yi ƙarfin halin kai ƙara, a sami shaidu, sannan alƙali ya auna ko yadda ya riƙe makamin ya kai a kira shi tsoratarwa. Wa zai yi wannan ƙarfin halin? Mai abincin da gobe ma a nan za ta buɗe, kuma mutumin ya san hanyar gidanta? Wanda bindigarsa ke ɓoye ƙarƙashin riga kuwa, yana shan kwalba ta huɗu, bai tsorata kowa ba tukuna, sai lokacin da gardama ta kaure a kan canji ko mace ko ƙwallo. A wannan lokacin kuma ba shaida ake nema ba, mota ake nema a kai wani asibiti.

Akwai kuma dokar da ta tsara wuraren sayar da barasa, wato dokar gwamnati mai lamba 90/1483 ta ranar 9 ga Nuwamban 1990. Ita ce ta ce sai da lasisi, ta ƙayyade lokacin buɗewa da rufewa, ta kuma hana kafa mashaya ƙasa da mita 200 daga makaranta ko asibiti ko wurin ibada. Ma'ana tun shekaru sama da talatin da suka wuce gwamnati ta yarda cewa wurin shan barasa ba kamar sauran wurare ba ne, yana buƙatar ƙa'idojinsa na musamman. Abin da nake kira a yi, ƙari ne a kan wannan fahimtar da aka riga aka yi.

Bari mu leƙa inda aka fi ko'ina jayayya a kan wannan batu, wato Amurka. Ba na kawo misalinta don mu kwaikwayi son bindigarta ba, Allah Ya tsare mu da wannan. Na kawo ne don ko a can, inda tsarin mulki ya ba mutum 'yancin mallakar makami, sun ga dole a ja layi a ƙofar mashaya. Ɗauki jihar Texas. Tun ranar 1 ga Satumban 2021, yawancin waɗanda suka kai shekara 21 suna iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Amma duk wurin da kashi 51 cikin ɗari na cinikinsa ko fiye ya fito daga barasar da ake sha a wurin, haramun ne farar hula ya shiga da bindiga, ko da lasisi ko babu, kuma babban laifi ne. Doka ta tilasta wa mai wurin ya kafa allo a ƙofa mai ɗauke da lamba 51 da jan fenti, tsayinta aƙalla inci 5, wato kusan santimita 13.

Gidan abincin da cinikin barasarsa bai kai haka ba kuwa, an bar wa mai shi zaɓi. In ba ya son bindiga a wurinsa, sai ya kafa allon da doka ta tsara kalmominsa, da Ingilishi da Sifaniyanci, haruffa manya da ba su gaza inci 1 ba, da launin da ake gani daga nesa, a inda mai shigowa ba zai ce bai gani ba. Akwai allo na bindigar da aka ɓoye a riga, akwai na wadda aka rataya a fili. A jihar Tennessee kuma, dokar 2010 ta yarda mai lasisi ya shiga wurin da ake sayar da barasa da bindigarsa, da sharaɗin ba zai sha ko kurɓi ɗaya ba, kuma mai wurin yana da ikon hanawa ta hanyar kafa allo.

Me ya sa suka tsaya auna haruffa da inci? Saboda sun gane allon yana yi wa mutum uku aiki. Yana raba mai bindiga da uzurin "ban sani ba". Yana ba mai wurin abin da zai nuna da yatsa ba tare da ya zama shi ne ya ƙirƙiro maganar ba. Yana kuma sauƙaƙa wa ɗan sanda da alƙali, domin tambayar ta koma guda biyu masu sauƙi: akwai allo? Ya shiga da bindiga? Ba sai an tsaya binciken ko ya tsorata wani ko bai tsorata ba. Na biyun nan shi ne abin da Inna mai abinci ta rasa a daren nan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko, allo ba ya tare mugu. Gaskiya ne. A ranar 25 ga Yulin 2015 wata yarinya ta ta da bam a wata mashaya a unguwar Pont-Vert da ke Marwa, mutane kusan 20 suka rasu. Babu allon da zai hana wannan. A watan Yulin 2022 'yan bindiga sun buɗe wuta a wata mashaya a Soweto da ke Afirka ta Kudu, suka kashe aƙalla mutum 15, kuma ba wanda ya tsaya karanta rubutun ƙofa. Wanda ya fito da niyyar kisa, aikin jami'an tsaro ne da bayanan sirri. Amma ba shi kaɗai ba ne haɗarin da ke wurin shan barasa. Akwai wanda bai fito da niyyar komai ba, mutumin kirki ne da safe, sai barasa da fushi da kunamar bindiga suka haɗu a minti ɗaya. Wannan mutumin yana jin doka tun yana cikin hayyacinsa, kuma a lokacin ne yake yanke shawarar fitowa da bindigar ko barinta a gida. Da shi allon yake magana.

Na biyu, za a ce in ka hana mutumin kirki shiga da makami, ka bar kowa a hannun ɗan ta'adda. A Texas ɗin ma wannan hujjar tana da tarihi. Ranar 16 ga Oktoban 1991 wani mutum ya kutsa wani gidan abinci a garin Killeen ya kashe mutum 23. Wata mata mai suna Suzanna Hupp ta rasa mahaifinta da mahaifiyarta a wurin, alhali ta bar bindigarta a mota saboda dokar lokacin. Ta yi ta fafutuka, aka yi dokar ɗaukar bindiga a 1995, ita ma daga baya ta zama 'yar majalisar jihar. Ba na raina wannan labari. Amma mu lura, duk da wannan tarihi, Texas ba ta buɗe ƙofar mashaya ba, kuma har yau laifi ne a can mutum ya ɗauki bindiga a bainar jama'a yana cikin maye. Wanda ya bugu ba zai kare kowa ba, ko saitin ƙofar gidansa ba ya iya yi balle na ɗan fashi a cikin cunkoso da duhu.

Na uku, mu a nan muna da namu dalilin tsoro. Shekara da shekaru Boko Haram na addabar Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari. Kafin su mun sha fama da zargina masu tare hanya. Masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa sun hana makiyaya da manoma barci a sassan jihar Arewa da Adamawa. A watan Agusta da Disamban 2021 rikicin da ya tashi a yankin Logone-Birni tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum ya kai har Kuseri, dubban mutane suka tsallaka Chadi. Ɗan kasuwar shanu ko na shinkafa da ke yawo da kuɗi a hanyar Yagwa zuwa Marwa ko Kaele, in ya nemi izinin bindiga, ban ga laifinsa ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kai matsayin da gwamnatin jihar Zamfara, a watan Yunin 2022, ta fito ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu. Amma wannan duk hujja ce ta hanya da daji da gida. Ba hujja ba ce ta teburin da ake shan giya. Ko dokar makamai ta Najeriya, ta 1959, ta hana a ba mashayi lasisin bindiga. Yawan makamai a hannun jama'a ma shi ne babban dalilin da ya sa ake buƙatar wuraren da kowa ya san ba a shiga da su.

Me ya sa yanzu? Saboda Yagwa ta canja. A watan Afrilun 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa mu da Bongor a kan kogin Logon, mai tsawon mita 620. Da can sai kwalekwale da jirgin fito, yanzu mota na tsallakawa kai tsaye. Alheri ne babba ga manoman shinkafar SEMRY da 'yan kasuwa da direbobi. Amma gari in ya zama mahaɗa, baƙi na ƙaruwa, wuraren kwana da na ci da na sha na ƙaruwa, masu kaki iri-iri na ƙasashe biyu na ƙaruwa, masu rakiyar kaya da manyan mutane na ƙaruwa. A da mai mashaya ya san kusan duk wanda ke shigo masa, ya san wane ne ke da zafin kai in ya sha. Yanzu rabin masu shigowa bai taɓa ganinsu ba. Kamaru da Chadi duk suna cikin ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 kan taƙaita ƙananan makamai a tsakiyar Afirka, wadda ta fara aiki a 2017. A 2018 ma ministan harkokin cikin gida, Paul Atanga Nji, ya dakatar da sayar da bindigogi da harsasai a jihohi shida, yana mai cewa makaman da ke yawo sun fi izinin da aka bayar yawa nesa ba kusa ba. Waɗannan matakai ne na sama. Talaka ba ya ganinsu sai ranar da suka sauko ƙofar da yake shiga.

Wani mai karatu zai ce, Malam, mu Musulmi ne, me ya haɗa mu da mashaya? Wanda ya je can shi ya jiyo. Wallahi na ji wannan maganar ba sau ɗaya ba. Amma ɗan'uwa, fita da daddare ka duba wa ke bakin ƙofar mashayar. Mai tsire namu ne. Mai shayi da ƙwai namu ne. Yaron da ke jiran fasinja a kan babur ƙanenka ne ko ɗan maƙwabcinka. Yarinya mai tallan gyaɗa da almajirin da ke jiran ragowar abinci, su wa suka haifa? Katangar mashaya da yawa kwano ne ko zana, harsashi kuwa ba ya tambayar addini kafin ya huda. Sannan garin nan namu ne gaba ɗaya, Masa da Tupuri da Musgum da Fulani da Hausawa da Barebari, Musulmi da Kirista da masu bin al'ada. Matan da ke dafa bil-bil su sayar a gidajensu, da shi da yawansu ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ba sai na yarda da sana'ar mutum ba kafin in so ya koma gida da ransa. Kuma maganata ta haɗa da gidajen abinci da ba a sayar da ko ɗigon barasa, irin wanda na shiga, wanda abin ya biyo shi daga maƙwabta.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Ka ga tun wancan zamanin an bambanta tsakanin mallakar makami da yadda ake shiga da shi cikin taro. Al'adarmu ma haka take. Ba wanda ke shiga gaban Lamiɗo da takalmi balle wuƙa a hannu, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan a matsayin cin mutunci. Ladabin wuri ne.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ba abu ba ne da sai an jira majalisa a Yawunde. Dokar kiyaye zaman lafiya mai lamba 90/054 ta ranar 19 ga Disamban 1990 ta ɗora wa hukumomin mulki alhakin tabbatar da oda a yankunansu, kuma su ne dama ke kula da lasisin mashaya.

Na ɗaya, Perefen Mayo-Danay ya fitar da umarni a rubuce cewa duk wurin da ake sayar da barasa a sha a nan take, daga babban otal har gidan bil-bil, ba a shiga da bindiga, da izini ko babu izini, a fili ko a ɓoye. Kada mu bi hanyar lissafin kashi 51 irin na Texas. Su suna da hukumar da ke duba littafin cinikin kowace mashaya. Mu a nan wa zai lissafa wa mai bar nawa ya samu daga giya nawa daga kifi? Ƙa'ida mai sauƙi ta fi: in ana sha a wurin, ba bindiga.

Na biyu, gidajen abinci da wuraren shayi da ba sa sayar da barasa a ba su ikon kafa allon in suna so, kuma da zarar sun kafa ya zama yana da ƙarfin umarnin hukuma daidai da na mashaya.

Na uku, allon ya zama iri ɗaya a ko'ina, hukuma ce za ta buga shi. Hoto ya zo farko, ƙaramar bindiga a cikin jan da'ira an ja mata layi, domin da yawa daga cikin jama'armu ba su yi boko ba. A ƙasa a rubuta da Faransanci da Ingilishi, harsunan hukuma, a ƙara Fulatanci da Masa, da Larabci saboda baƙinmu na Chadi. A sa lambar umarnin da hatimi, da lambar wayar da za a kira. A kafa shi daidai idon mai shigowa, inda fitila ke haskawa. Kuma don Allah kada ya zama sabuwar hanyar tatsar talaka. A ba da shi kyauta ko a kan kuɗin bugawa kawai, tare da lasisi. Mun san yadda takarda ke komawa kasuwa a ƙasar nan, kowa ya zo dubawa sai an ba shi na goro. In aka bari haka ta faru, an kashe abin tun ranar suna.

Na huɗu, wanda shi ne mafi wuya, umarnin ya shafi masu kaki in ba a bakin aiki suke ba. Mu faɗi gaskiya, farar hular da ke da izinin ƙaramar bindiga a Yagwa 'yan kaɗan ne. Mai abinci in ta ga bindiga, tunaninta na farko shi ne jami'i ne, shi ya sa bakinta ke mutuwa. Jami'in da ya shigo aiki, sintiri ko kama mai laifi, ba wanda zai ce ya ajiye makaminsa a waje. Amma wanda ya tashi daga aiki ya zo hutawa ya sha, makaminsa ya kwana a ma'ajiyar bariki. Ina girmama sojoji da jandarmomi da 'yan sandan da ke kwana a daji don mu yi barci, da yawansu sun bar marayu a wannan yaƙin. Wannan ƙa'idar kariya ce gare su ma, domin dare ɗaya na maye yana iya cinye aikin shekara ashirin, ya kai mutum kotun soja. Shi ya sa ya kamata kwamandojin rundunonin da ke garin su kasance a wurin ranar da za a sanar da umarnin, su kuma karanta wa yaransu shi a fareti.

Na biyar, kada a ɗora wa mai wurin aikin da ya fi ƙarfinsa. Aikinsa ya kafa allo, ya ƙi sayar wa wanda ya ga yana ɗauke da bindiga, ya kira lambar. Ba aikinsa ba ne ya laluba aljihun mutane ko ya ƙwace makami, kuma kada a ce a riƙa ajiye bindigogi a bayan kanta wurin yaron da ke buɗe kwalba, wannan wata fitinar ce. Haka kuma barinta a cikin mota a bakin titi gayyatar ɓarawo ce. Wanda ya san zai je sha, ya kulle ta a gida tun kafin ya fito. Wanda aka kama ya karya umarnin, a kai rahotonsa ga hukumar da ta ba shi izini ta sake dubawa.

Duk wannan zai tsaya ne ko ya faɗi a kan abu ɗaya: in an kira lambar, a ɗauka, a zo. In mai abinci ta kira sau ɗaya ba a zo ba, ko aka zo aka ga abokin aiki ne aka tafa aka tafi, to allon ya zama ado. Shi ya sa nake kira ga Magajin Gari da masu unguwanni da limamai da fastoci da ƙungiyar masu mashaya da ta direbobi da 'yan babur su sa baki tun daga farko, ya zama abin gari ne, ba takardar ofis ba. In ya yi aiki a Yagwa, Marwa da Kuseri da Garwa za su ɗauka, kuma ba abin da zai hana a zauna da hukumomin Bongor su kafa irinsa a nasu ɓangaren gadar.

Na koma gidan abincin nan bayan 'yan makonni. Inna ta gaya mini matar da ke da 'ya'ya biyun ba ta sake dawowa ba, yarinyar da ke kawo abinci kuma iyayenta sun hana ta aikin dare. Ciniki ya ragu, ita kuma ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Har yanzu in wani ya shigo da riga mai kumburi a ƙugu, sai ta aika ƙaramin ɗanta bayan gida. Rigakafi dai ya fi magani, kuma wannan rigakafin kuɗinsa bai wuce na falle ɗaya na kwano da gwangwanin jan fenti ba, sai sa hannun mai iko. Muna roƙon hukuma ta yi shi tun ana maganar tsoro, kafin a koma maganar jana'iza. Allah Ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya.